Rimot ɗin Bahaguwa

Abin da na fara gani da na sauka daga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a ƙofar gidan Goggo a unguwar Choggu shi ne silifas. An jera su a bakin ƙofar falo, iri ɗaya, shuɗaye masu farar igiya, na mutum biyu. Na farkon ya sha yawo, har dunduniya ta yi masa rami. Na biyun ko takardar kanti ba a ɓare daga jikinsa ba.

Lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare, an ba mu dogon hutun damina. Baba ne ya ce in bar unguwarmu Sabonjida in je in taya Yaya zama. Goggo yayar Baba ce, Yaya kuma 'yarta, ta girme ni da 'yan shekaru. Yaya da 'yar'uwarta tagwaye ne, a gida ana kiran su Babba da Ƙarama, Yaya ce Babba. Ƙarama ta rasu bayan ƙaramar Salla, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Tun daga nan Yaya ta daina fita, ta rage magana. Baba ya ce tunda ni ma ba mai surutu ba ce, ba zan dame ta ba.

Goggo ta fito tana gyara mayafi, ta rungume ni, sannan ta dubi ƙafata.

"Wannan takalmin makarantar ba ya ƙona miki ƙafa? Cire shi. Ga silifas nan, saka."

Na dubi sabon. Na ce, "Goggo, ba na wani ba ne?"

"Na Ƙarama ne. Ta yi tafiya, ba za ta ce komai ba."

A gidan ba a cewa ta rasu. Goggo ta koyi wannan ne wurin uwar mijinta, wata tsohuwa 'yar Dagomba da ta raini tagwayen. Tsohuwar ta ce ba a raba wa tagwaye kaya. Abin da ka saya wa ɗaya, ka saya wa ɗayar, ko da ta riga ta yi gaba. In ka manta da ita, za ta ji haushi, ta kira 'yar'uwarta ta bi ta. Goggo mai salla ce da azumi, amma wannan maganar ba ta wasa da ita. Yaya kaɗai ta rage mata a gida, don wansu yana Turai, babansu kuma yana aiki a Kumasi. Saboda haka komai biyu take saye: sabulu, ɗankunne, man leɓe. In ta kai ɗinki, tela ya san awo ɗaya ne, riga biyu.

Na saka silifas ɗin. Ya yi mini daidai.

Kullum da safe Goggo takan hau babur ɗinta ta tafi kasuwa, inda take sayar da atamfa. Sai gidan ya yi tsit, daga ni sai Yaya sai ƙarar fanka. Kwanakin farko ba mu yi wata hira ba. Ina shara, ina wanke-wanke, ita tana kwance a doguwar kujera tana kallon rufin ɗaki. A ƙarƙashin talabijin akwai wata baƙar na'ura an lulluɓe ta da ɗankwali. Na lura in Yaya za ta wuce wurin, sai ta ɗan kauce, kamar akwai mai barci a ƙasa.

Wata ranar da aka wuni ana yayyafi, ta ce da ni ba tare da ta juyo ba, "Ke bebiyar Sabonjida, kin iya gem?"

Na ce na taɓa yin na waya, wanda ake jera 'ya'yan itace.

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta tashi ta yaye ɗankwalin. Wansu ne ya aiko musu da na'urar, da rimot biyu. Ta riƙe ɗaya, ta daɗe tana kallon ɗayan kafin ta miƙo mini. An naɗa masa jan zare a gefe, kuma sandar da ake turawa da babban yatsa ta siɗe, tana sheƙi kamar cikin tsohon cokali.

Wasan na mutum biyu ne, mutum ɗaya ba ya iya yin sa. 'Yan mata biyu ne a wani gari da ruwa ya cinye, ba kowa a ciki, sai rufin gidaje da hasumiyoyi da suka leƙo sama. Ɗaya tana riƙe da fitila, ɗaya tana da igiya. Mai fitila ta haska hanya, mai igiya ta jefa ta ja 'yar'uwarta. Kowace ƙofa tana da hannu biyu, sai an ja tare take buɗewa. Yaya ce mai fitila. Sun tsaya ne a bakin wata karyayyiyar gada, kuma a nan wasan yake jira tun ranar da zazzaɓi ya kwantar da Ƙarama.

Da hoton ya fito, sai na ga abin da ban yi tsammani ba. Yarinyar Yaya tana sanye da doguwar riga shuɗiya da ɗankwali, kamar mai zuwa Islamiyya. Ta biyun kuwa rigar ruwa ce a jikinta, rawaya mai haske, da ƙaton wando mai aljihu a gwiwa, da takalmi irin na masu aikin titi, da jar hula a kan gajeren gashi. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin tagwayen nan da kaya daban ba. Ko a hoton bikin yaye su daga makaranta da ke bango, ribom ɗin kansu iri ɗaya ne.

Yaya ta ga inda nake kallo. Ta ce, "Ita ta zaɓa. Zo ki ga abin da suke so mu saka."

Ta buɗe nata ɗakin kayan, inda ake canza wa yarinyar tufafi. Ta riƙa wucewa da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai sulke na ƙarfe da ya rufe kafaɗa ya bar cibiya a waje. Akwai siket da bai kai tsawon hankici ba. Akwai takalmi mai tsini.

"Dubi wannan don Allah. Garin da ruwa ya ci, ki hau rufin kwano da wannan tsinin? Wanda ya zana shi bai taɓa tsallake kwata a Sakasaka ba."

"Wataƙila sauro ba ya cizo a can," na ce a hankali.

Ta juyo ta dube ni, sai ta fashe da dariya har da buga cinya. Ranar ce na fara jin dariyarta. Ta ce ita da ƙyar ta samo wannan shuɗiyar rigar, ita kaɗai ce za ka saka ka gaida surukai. Ƙarama kuwa sati ta yi tana nutso a cikin wasan tana tsintar kuɗin wuri, don ta samu rigar ruwan nan.

"Na ce mata, ke, kin yi kama da mai gyaran famfo. Ta ce, a nan dai ba wanda zai kira ni da sunanki."

Yaya ta rufe ɗakin kayan. Na Ƙarama ba ta buɗe shi ba.

Da muka fara, komai nawa a juye yake fita. In na so yarinyar ta yi tafiya, sai ta ɗaga kai tana kallon sama. In na so jefa igiya, sai ta tsuguna. Na faɗa ruwa ba adadi. Yaya ta ce, "Oho, na manta. Ƙarama bahaguwa ce. Ta juya maɓallan duka, abin da ke dama ta mayar hagu." Ta dubi rimot ɗin da ke hannuna. "Ki daure ki koya haka. Ba na son in taɓa."

Na koya. Ni dama abin da aka ce in yi nake yi. Babban yatsana ya gano wurin da sandar ta siɗe, ya zauna a ciki. Kafin sati ya zagayo mun ƙetare gadar, mun shiga wata makaranta da kifaye ke yawo tsakanin bencina. Yaya ta fara cin abinci. Takan aike ni in sayo mana wagashi, soyayyen cuku, da sobolo, wato zoɓo, mu ci a gaban talabijin da hannu ɗaya. Goggo ta buga wa Baba waya, na ji tana cewa, "Wannan yarinya taka magani ce."

Akwai abin da yarinyar mai rigar ruwan take yi wanda ban so ba. In ka ajiye rimot ka daɗe ba ka taɓa ba, ta Yaya takan zauna ta ɗora fitila a cinya. Tawa ba ta zama. Takan gyara hularta, ta zura hannu a aljihu, sannan ta juyo a hankali ta fuskanci falon. Na san haka aka tsara ta. Amma wata rana Yaya ta shiga wanka ta bar ni ni kaɗai, na ɗago kai daga shara, na tarar tana kallon daidai inda nake tsaye. Na matsa wajen taga. Na rantse a lokacin na ga kamar idon ya biyo ni. Na ɗauki ɗankwalin na rufe talabijin ɗin har Yaya ta fito.

A wani wuri mai wuya, inda ruwa ke tasowa kuma dole mu yi sauri, Yaya ta yi ihu, "Hagu, Ƙarama, hagu! Jefo igiyar, ke kullum sai kin tsaya yanga!"

Na jefa. Muka tsira. Ba ta lura da abin da ta ce ba, ni kuma ban gyara mata ba. Washegari ta sake. Daga baya ya zama in muna wasa haka take kira na, ina amsawa.

Sai ruwan sama ya ɗauki kwanaki bai tsaya ba. 'Yan kayan da na zo da su suka ƙi bushewa a igiya, suna warin danshi. Goggo ta buɗe akwatin da take tara rabon Ƙarama, ta ciro riga mai zanen ganyen rogo, irin wadda ke jikin Yaya a ranar.

"Saka. Kaya in ba a sa su ba, asu ne ke ci."

Da safe na je sayen koko a bakin titi cikin wannan rigar da silifas ɗin. Matar da ke sayarwa tana zuba wa wani, ta ce "Dasiba," ina kwana ta Dagomba, ba tare da ta ɗago ba, na amsa "Naa." Da ta ɗago, ludayin ya tsaya a sama, koko yana zuba a kan teburinta. Ta yi salati a hankali. Sannan ta ce, "Kai, 'yar nan, kin tsinka mini ciki." Ta zuba mini, ta ƙara ƙosai biyu da ban saya ba. Ta ce ɗaya nawa, ɗaya na 'yar'uwata, don ba a ba tagwaye abu ɗaya.

Na so in ce mata ni ba tagwaye ba ce. Na buɗe baki, sai na ce na gode.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne. Wata la'asar Goggo ta dawo a gajiye, ta ce in ba ta ruwa. Na ɗebo a kofi na miƙa mata. Sai da ta karɓa na ga da wane hannu na miƙa. A gidanmu, in ka ba babba abu da hagu, Inna ba ta ma magana, da murfin tukunya za ta jefe ka. Goggo ma ta taɓa marina a kan haka ina ƙarama. Na tsaya ina jiran faɗa. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta yi murmushi. Ta shanye ruwan, ta mayar mini da kofin a cikin hannun hagun, ta damƙe yatsuna a kai.

Na shiga banɗaki na daɗe ina kallon hannuwana. Na gwada ɗaukar buta, hagu ne ya riga zuwa.

Hutu ya kusa ƙarewa sai aka kawo yayi, ankon wani biki da za a yi a Sakasaka. Tela ya aiko da riguna biyu. Ranar Alhamis Goggo ta ce mu gwada kafin ta dawo, don in akwai gyara a mayar da wuri. Muka saka, leshi ne ruwan toka mai duwatsu a wuya. Yaya ta ɗaura mini ɗankwali irin nata ɗaurin, mai karkata gefe guda. Hadari ya haɗu, gari ya yi duhu tun azahar. Muka ce bari mu yi wasa kaɗan kafin mu cire.

Ba mu ji ƙarar babur ba saboda ruwa. Sai dai muka ji Goggo a bayanmu tana cewa, "Masha Allahu. Tubarkalla." Ta tashi kasuwa da wuri. Tana tsaye a jiƙe, tana kallonmu, idonta ya ciko. Ta ce ta yi magana da Baba, ba laifi in na zauna a nan gaba ɗaya, akwai makaranta mai kyau a kusa, kuma kayan makarantar Ƙarama na da suna nan a goge.

Sannan idonta ya kai kan talabijin. Ba ta taɓa tsayawa ta kalli wasan ba. Ta matso kusa.

"Waɗannan su waye?"

Yaya ta ce, "Mma, wasa ne kawai."

"Na ce su waye. Wannan mai shuɗin ke ce, na gane ɗaurin. Wannan fa?"



Goggo ta dafe ƙirji. "Watanni nawa ina bin tela, ina bin kanti, ko allura ban saya guda ɗaya ba. Ashe a cikin falona an raba muku kaya? Kin bar ta cikin kayan leburori, ke kina cikin sutura? So kike ta yi fushi ta ɗauke mini ke?"

"Mma, ita ta zaɓa da kanta."

"Yaro yana zaɓa ne? Ki sa mata irin taki. Zan yi alwala in yi salla, kafin in sallame ina so in ga an gyara."

Ta fice daga falon. Ba mu motsa ba. A cikin talabijin yarinyar ta gyara hularta, ta zura hannu a aljihu, ta fara juyowa. Kafin ta gama, aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi ta juyawa a hankali har ta tsaya. Gilashin talabijin ya yi baƙi, ɗan hasken taga yana faɗa masa. A ciki na ga 'yan mata biyu zaune a doguwar kujera, leshi ɗaya, ɗauri ɗaya, kowace da rimot a cinya. Na nemi kaina a cikinsu. Na ɗauki lokaci kafin in gane. Sai da na ɗaga hannu, ɗaya daga cikinsu ta ɗaga, kuma ko a lokacin ban tabbata wane hannun na ɗaga ba. Na gwada tuna yadda Inna take kiran sunana daga madafa, da yadda take jan ƙarshensa. Muryar ta zo daga nesa, kamar daga gidan maƙwabta.

Yaya ta yi magana cikin duhun, ƙasa-ƙasa. "Na cikin wasan nan shi kaɗai ne kayan da ta taɓa zaɓa. Duk abin da ke akwatin nan nawa ne aka yi biyu."

Muna jin Goggo tana zuba ruwan alwala a tsakar gida, ruwan sama yana dukan kwano.

Wutar ba ta daɗe ba ta dawo. Na'urar ta kunna kanta daga farko, ta kawo shafin da kullum Yaya take wucewa da sauri. A sama ga 'yan matan biyu zaune a bakin kwalekwale, shuɗiya da rawaya, an rubuta a ci gaba. A ƙasa akwai wani layi da ban taɓa kulawa da shi ba, an rubuta a fara sabon wasa. A gefensa an zana mutum biyu ruwan toka, ba fuska, ba gashi, ba kaya.

Yaya ta goge ido da gefen ɗankwali. Ta ce, "Ɗakin kayanta ba ya buɗuwa sai da rimot ɗinki. Ni ba zan iya ba. Ki danna, Ƙarama, ki sa mata shuɗiyar, mu huta."

Daga ɗaki na ji Goggo ta yi kabbara.

Na dubi jan zaren. Babban yatsana ya riga ya kwanta a wurin da ya siɗe, yana jira. Na janye shi. Na ajiye rimot ɗin a kan tebur tsakaninmu, na zare ƙafafuna daga silifas ɗin, na taka siminti mai sanyi. Ban saba roƙon kowa komai ba, ko gishiri a wurin cin abinci.

Na ce, "Yaya."

Ta juyo.

"Don Allah mu bar su a kwalekwalen yadda suke. Mu buɗe na ƙasan, mu fara daga farko. Goggo ba za ta ga kowa da kaya daban ba sai ni, ni kuma ba tagwaye ba ce. Ki mayar mini da maɓallan hannun dama, ki bar ni in zaɓa wa tawa kaya. In kuma za ki ce in jefo igiya, ki kira ni da sunana."